Gwanjon Tsoffin Katunan Besbol a Intanet: Yadda Ake Auna Darajarsu Kafin a Taya

A watan Agusta na shekarar 2022, kamfanin gwanjo na Heritage da ke birnin Dallas na ƙasar Amurka ya sayar da wani ɗan kati mai ɗauke da hoton ɗan wasan besbol Mickey Mantle a kan dala miliyan 12.6. Kamfanin Topps ne ya buga katin a 1952, kuma wanda ya sayar da shi ya saye shi ne a kan dala 50,000 a 1991. Ke nan cikin shekaru 31 kuɗinsa ya ninka fiye da sau 250. Irin wannan ciniki ne ya sa masu zuba jari suka fara kallon katunan a matsayin kadara, kamar zinariya ko zanen hannu. Sai dai kasuwar tana da ƙa'idojinta da kuma ramukanta.

Asalin katunan talla ne. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco ya riƙa sanya su cikin kwalayen sigari, daga baya kuma aka riƙa haɗa su da cingam domin yara. Da yake ba wanda ya ɗauke su a bakin dukiya, akasarinsu sun yage ko an zubar da su. Ƙarancin waɗanda suka tsira lafiya shi ne tushen tsadarsu. Katin Honus Wagner na wancan zamani, wanda aka dakatar da buga shi tun da wuri, waɗanda aka san da su a duniya ba su kai ɗari ba. An sayar da ɗaya a kan dala miliyan 6.6 a 2021, wani kuma dala miliyan 7.25 a 2022. Amma tsufa kaɗai ba ya kawo daraja. Katunan ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 an buga su da yawan gaske, saboda haka galibinsu ba su da wani kuɗin kirki har yau.

Abin da ya ba mutum damar sayen kati bai taɓa shi da hannu ba shi ne tsarin tantancewa. Kamfanoni irin su PSA, wanda aka kafa a 1991, da SGC da Beckett, suna duba sahihancin kati, sannan su ba shi maki daga 1 zuwa 10. Abubuwa huɗu ake dubawa: daidaituwar hoto a tsakiyar kati, kaifin kusurwoyi, lafiyar gefuna, da tsabtar fuska. Daga nan sai a rufe katin cikin roba mai tauri tare da lambar rajista. Bambancin maki ɗaya yana iya ninka farashi sau da yawa, domin duk matakin da aka hau, adadin katunan da suka kai shi yana raguwa. Alal misali, katin Mantle na 1952 guda uku ne kacal PSA ta ba maki 10.

Saboda haka matakin farko ga mai son taya shi ne ya shigar da lambar rajistar a shafin kamfanin da ya tantance, ya tabbatar cewa bayanin ya dace da katin da ke cikin hoton, domin ana yin jabun robar da takardar da ke cikinta. Na biyu, ya duba rahoton ƙididdiga da kamfanonin ke wallafawa, wanda ke nuna yawan katunan da suka sami kowane maki. Sai dai a lura cewa wasu kan fasa roba su sake aika kati ɗaya don neman ƙarin maki, abin da kan sa a ƙirga shi fiye da sau ɗaya. Na uku, ya bincika farashin da aka sallama irin katin a baya-bayan nan, ba farashin da mai kaya ya yanka ba. Na huɗu, ya ƙura wa hoton ido, domin katuna biyu masu maki ɗaya ba lallai su yi kyau ɗaya ba, kuma masu saye suna biyan ƙari a kan wanda ya fi kyan gani.

Idan tarin katuna aka haɗa a ƙulli ɗaya, akasarin darajar kan taru ne a kan 'yan ƙalilan na fitattun 'yan wasa. Hanyar da ta dace ita ce a yi wa waɗannan kuɗi ɗaya bayan ɗaya, sauran kuma a ƙiyasta su a kan sari.

Akwai kuma batun la'ada. Manyan gidajen gwanjo suna ɗora wa mai saye kimanin kashi 20 cikin 100, ko fiye, a kan tayin da ya yi nasara. Wanda ya taya dala 10,000 zai biya aƙalla dala 12,000, ban da kuɗin aikawa da inshora da haraji. In ya mayar da katin gwanjo washegari aka sake tayawa dala 10,000, ya yi asarar dala 2,000 ko fiye. Haka kuma yawancin waɗannan gidaje ba sa rufe gwanjo da cikar lokaci; suna ƙara wa'adi muddin ana ci gaba da tayi, abin da kan ja mutum ya wuce iyakarsa cikin zafin gasa. Mai hankali kan tsayar da iyakarsa, da la'ada a ciki, tun kafin a fara.

Haɗari mafi girma shi ne maguɗi. Katin farko da PSA ta tantance shi ne na Wagner wanda ɗan wasa Wayne Gretzky da abokin cinikinsa Bruce McNall suka saya a kan dala 451,000 a 1991, aka ba shi maki 8. A 2013 wani babban dillali, Bill Mastro, ya amsa a gaban kotun tarayya cewa ya datse gefunan katin don ya ƙara kyau, ya kuma amsa laifin shirya tayin bogi domin ɗaga farashi. An yanke masa hukuncin ɗaurin watanni 20 a 2015. A 2021 kuma eBay ta dakatar da kamfanin PWCC bisa zargin tayin bogi, zargin da kamfanin ya musanta. Darasin shi ne maki ra'ayin ƙwararru ne, ba rantsuwa ba, kuma farashin baya ma yana iya zama na shiri.

Ya kamata kuma a san waɗanda ke riƙe da kasuwar. A 2024 kamfanin Collectors, mai mallakar PSA, ya sayi SGC, yayin da eBay ta sayi gidan gwanjo na Goldin. Ke nan hukuncin da ke yanke darajar kaya yana hannun kamfanoni kaɗan.

A ƙarshe, kati ba ya haifar da riba ta shekara kamar hannun jari, ba ya kuma kawo kuɗin haya kamar gida. Ribarsa tana kan samun wanda zai biya fiye da abin da aka biya. Farashin katuna da dama ya yi tashin gwauron zabo a 2020 da 2021, daga baya ya sauko. Ga ɗan kasuwar Nijeriya, akwai ƙarin nauyin canjin kuɗi, ga shi kuma masu sayen kusan duk a Amurka suke. Wanda zai shiga, ya shiga da kuɗin da zai iya haƙura da su na tsawon shekaru, bayan ya yi lissafinsa tsaf.