Mutum-mutumi a Ɗakin Tiyata: Me Ya Amfana wa Masu Ciwon Dajin Dubura?

Cire ciwon daji daga ƙarshen babban hanji, wato dubura, yana cikin ayyukan da suka fi wahalar da likitocin fiɗa. Wurin yana can ƙasa cikin ƙashin ƙugu, a matse yake, musamman ga maza da masu jiki. Kusa da shi akwai siraran jijiyoyin da ke kula da fitsari da ƙarfin mazakuta. Idan wuƙa ta kauce kaɗan, ko dai a bar ɓurɓushin cutar, ko a nakasa mutum.

A 1982 likitan Ingila Bill Heald ya nuna cewa sai an ɗauke duburar tare da kitsen da ke kewaye da ita, cikin tantaninsa, ba tare da ya yage ba. Wannan ne ya rage dawowar cutar ƙwarai, kuma shi ne ma'auni har yau.

Na'urar mutum-mutumin tiyata mai suna da Vinci, wadda Amurka ta amince da ita a 2000, ba ta yanka da kanta. Likita ne ke zaune a gefe, fuskarsa cikin madubin da ke faɗaɗa masa cikin mara lafiya, yatsunsa suna juya ƙarafan da aka zura ta ƙananan huji. Ƙarafan suna lanƙwasawa kamar wuyan hannu, kuma ba sa rawa.

To, shin ta fi tiyatar huji ta hannu, wadda likita ke riƙe ƙarafan da kansa? Binciken ROLARR da aka jagoranta daga Leeds, aka wallafa a 2017, ya haɗa marasa lafiya 471 a ƙasashe 10. Waɗanda dole ta sa aka koma buɗe musu ciki sun kai kashi 8.1 cikin ɗari a ɓangaren na'ura, kashi 12.2 a ɗaya ɓangaren, tazarar da masu lissafi suka ce ba ta isa hujja ba. Aikin na'urar ya fi cin lokaci da kuɗi.

Sai ga binciken REAL daga asibitoci 11 na ƙasar Sin, da mutum fiye da 1,100 masu ciwo a tsakiya ko ƙasan dubura. Rahotonsa na 2022 ya nuna matsalolin bayan tiyata sun tsaya a kashi 16.2 a ɓangaren na'ura, maimakon 23.1 a ɗaya ɓangaren, kuma waɗanda aka cire musu dubura ɗungurungum suka koma bayan gida ta jaka a gefen ciki sun ragu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga magidancin da ke tunanin tsarkinsa da zamansa cikin jama'a. A 2025 aka ga cewa bayan shekara uku cutar ta dawo a wurin ga kashi 1.6 kacal a ɓangaren na'ura, a kan kashi 4 a ɗaya ɓangaren. Amma a yawan waɗanda ke raye, bambancin bai taka kara ya karya ba.

A ganina na'urar tana da amfani na gaskiya inda wuri ya yi ƙunci, muddin tana hannun wanda ya daɗe yana aiki da ita, kamar likitocin waɗancan manyan asibitoci. Sai dai duk wannan na wanda ya zo tun ana iya cire ciwon ne. A wajenmu da yawa kan ga jini a bayan gida su ce basir ne, su yi ta shan jiƙo wata da watanni. Duk wanda ya ga jinin ya ƙi tsayawa, ko yanayin bayan gidansa ya sauya, ko yana ramewa ba dalili, don Allah ya daure wa kunya ya je likita ya duba shi.