Turare Ba Ya Wanke Jakar Injin Shara

Wata Juma'a cikin Agusta na isa masallacin wani ƙauye da ke tsakanin Bichi da Dambatta tun kafin kiran farko. Na tarar da ladan, dattijon da na sani tun ina yaro, ya tayar da janareta yana jan injin shara a kan kafet, tagogi duk a rufe saboda yayyafi. Ina cire takalmi wani irin wari ya daki hancina, turare ne a sama, a ƙarƙashinsa kuma kamar jiƙaƙƙiyar safa da ta kwana uku a cikin leda. Kafin in gama nafila idona ya fara yaji.

Na ce, "Baba, me aka zuba a cikin injin nan?"

Ya kashe shi, ya share gumi da bakin rawani. Ya ce, "Ɗan turare ne, ɗana, da ƙwayar kafur uku. Sai 'yar fiya-fiya kaɗan saboda kyankyasai. Ai tun da damina ta kankama yake wannan ɗoyin, na rasa yadda zan yi da shi."

Wannan ne karo na uku da na ga irin haka, biyu a masallaci, ɗaya a ɗakin wata amarya 'yar uwata, kuma na gaji da yin shiru. A da masallatanmu yashi ne da tabarma, a share da tsintsiya, a shanya a rana. Yanzu kusan duk masallacin Juma'a daga Minjibir har Kunci ya samu mai hali ya shimfiɗa masa kafet bango zuwa bango, wani lokaci ya haɗa da injin shara. Allah ya saka masu da alheri. Sai dai ana kawo kayan a ɗauki hoto a tafi, ba wanda ya zauna ya nuna wa ladan yadda ake buɗe cikin injin.

Aikinsa ba wani abin mamaki ba ne. Fanka ce a ciki take zuƙo iska ta tiyo, iskar ta ratsa jaka ta bar datti, ta wuce ta filta, ta sanyaya moto, ta fito ta baya da ɗumi. Wanda ya fara haɗa irin na hannu da ya yaɗu a duniya ma mai shara ne, James Spangler, a wani kanti a garin Canton na jihar Ohio ta Amurka, a 1907. Asma ce ta dame shi, ƙurar shara tana tayar masa da ita, ya haɗa fanka da sandar tsintsiya da rigar filo a matsayin jaka, daga baya ya sayar wa William Hoover da fasahar. Abin riƙewa ɗaya ne: duk iskar da ta shiga sai ta fito, kuma a ɗakin da kake tsaye za ta fito. Abin da ke cikin jakar nan, shi jama'a za su shaƙa.

To, mu zo kan turare. Mutanenmu sun ɗauka ƙamshi da wari kamar ruwa da wuta ne, in ka zuba ɗaya sai ɗayan ya mutu. Ba haka ba ne. Wari saƙo ne, yana gaya maka akwai abin da ke ruɓewa. Ka duba abin da kafet ɗin masallacin karkara ke haɗiya a mako guda. Manomi ya taso daga gona ko daga kwasar taki a turke, ya yi alwala a gurguje, ya tako da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Sau biyar a rana, mutum ɗari ko fiye. Ga gumin goshi a wurin sujada, ga ɓarɓashin goro da ƙwallon dabino, ga matattun cinnaka da kashin jemage daga silin, ga fatar jikin mutum da ke zuba kullum ba a gani. Injin ya tattara wannan duka ya cusa a jaka ɗaya, mai duhu, mai danshi, moto kuma ya ɗumama ta, sannan a tura shi lungu har wata Juma'ar. In da niyya aka yi a noma fumfuna da ƙwayoyin cuta, ba a samu gonar da ta fi wannan ba. Abu mai laima kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe shi ya fara fumfuna, balle mako guda cikin marka.

Da ka fesa turare a kai, ba ka taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Hancinka kawai ka ruɗa. Ƙamshin zai gudu cikin sa'o'i, ruɓar tana nan tana ci gaba. Abin da ya fi muni, turaren ruwa ne, wani ma mai ne. Yana jiƙa ƙurar ta zama taɓo, ta liƙe ƙananan ƙofofin da iska ke bi a jikin jaka da filta. Iska ta ragu, moto ya yi zafi, zafin ya ƙara dafa abin da ke ciki. Mako mai zuwa warin ya ninka, sai a ninka turaren. Ana maganin ƙaba kai yana kumbura.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mun san wannan tun muna makarantar allo. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san da ruwa ake gusar da najasa. Ba malamin da ya taɓa cewa in yaro ya yi fitsari a riga a turara ta a yi salla da ita. Ko lokacin da balaraben ƙauyen nan ya yi fitsari a masallacin Madina, guga guda na ruwa aka sa aka kwarara a wurin. Turara masallaci abu ne mai kyau, ni ma ina son in shiga in ji ƙamshin sandal, amma bayan an tsabtace ake yi. Macen da ta san kanta ba ta shafa humra sai ta yi wanka. Me ya sa in an zo kan inji sai mu manta?

Wani zai ce ai shi ba ya jin warin komai. Gaskiya ne, domin hanci yana sabawa. Mai sayar da daddawa ba ya jin daddawa. Ka tambayi baƙon da ya tsaya yin salla a kan hanyarsa ta zuwa Daura, in yana da ƙarfin halin faɗa maka.

Fiya-fiya kuwa ta wuce maganar wari, ta koma maganar rai. Yawancin wadda ake haɗawa a ƙananan kwalabe, da Sniper da ake sayarwa don feshin gona, sinadari ɗaya ne a ciki, sunansa dichlorvos. Jijiyoyin ƙwaro yake kamawa, kuma haka yake kama na mutum: yawu ya riƙa zuba, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya ɗaure, amai ya biyo. Shi ne aka samu ya yi yawa a wakenmu har Tarayyar Turai ta hana shigar da waken ƙasashenta a 2015, 'yan kasuwar Dawanau ba su manta ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantuna barkatai. Guba ce mai tashi cikin iska ko ba a taɓa ta ba. Yanzu ka zuba ta a injin da aikinsa hura iska mai ɗumi, ka rufe tagogi, sannan bayin Allah su zo su ɗora goshi da hanci a kan kafet ɗin. Tsofaffi masu tari da yara masu asma su ne a sahun gaba wajen kwasa.

Kafur ma da muke rainawa ba kanwar lasa ba ne. Farar ƙwayar nan da ake sawa a akwatin tufafi, yawancinta naftalin ce. Akwai mutane da yawa a ƙasar nan, musamman maza, da aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, mafi yawansu ba su ma sani ba. Naftalin yana farfasa masu ƙwayoyin jini, jarirai kuma yana jefa su cikin shawara mai tsanani. Tun 2008 Turai ta hana sayar da irin wannan ƙwaya. Mai jego da ke da kafet a ɗaki, don Allah ki raba jaririnki da kafur, a inji yake ko a cikin kayan sawarsa.

Hausa ba ta talauce da sunan wari ba, kuma kowane suna yana nuna inda ciwon yake. In ka ji tsami-tsami irin na rima, jaka ce ko filta ta jiƙe. In zarni ne, daga kafet yake, yaro ya yi aikinsa an goge sama an bar ƙasa. In ɗoyi ne sosai, wani abu ya mutu a tiyo, ƙadangare ko ɗan ɓera. In kuwa ƙauri ne, na roba ko na waya, kashe injin nan take ka zare filogi, wannan aikin mai gyara ne, ko bel ya ci ko kwayil na shirin ƙonewa. Wutar janareta mai hawa da sauka ma tana jawo haka.

Gyaran ba ya cin ko kwabo, lokaci kawai yake ci. Ka zare wuta, ka fitar da injin waje, ka ɗaure hanci da ƙyalle, ka tsaya ta inda iska za ta kwashe ƙurar daga gare ka. Jakar takarda ba a juye ta a mayar, in ta kai kashi biyu cikin uku a jefar a sa sabuwa. Na san samunta a ƙauye wuya ne, sai an shiga Sabon Gari a Kano, shi ya sa kwamitin masallaci ya kamata ya sayo da yawa lokaci ɗaya, a tafi da tsohuwar don a dace da samfurin. Jakar yadi kuwa a zazzage ta duk ranar da aka yi shara, ba sai ta cika ba, domin ba cikarta ce ke kawo wari ba, kwanan da dattin ke yi a ciki ne. Sau ɗaya a wata, da damina sau biyu, a juya cikinta waje a wanke da omo da ruwan ɗumi, a ɗauraye har kumfa ya ƙare. Mai ruwan khal ya ɗiga kaɗan a ruwan ɗauraya, amma kada a kuskura a haɗa shi da Hypo, hayaƙin da ke tashi guba ne. Injin da ba shi da jaka, mai bokitin roba, haka za a yi wa bokitin.

Filta yawanci biyu ce, ɗaya kafin moto, ɗaya a mafitar iska, kuma ta biyun ce ba wanda ya san da zamanta. Ta soso ana wanke ta da ruwa zalla. Mai naɗe-naɗe kamar takarda a kakkaɓe ta a hankali, ruwa yana lalata ta sai in an rubuta a jikinta cewa ana wankewa. Tiyo a cire shi, a leƙa ta rana a ga ko haske na fitowa, a zura sandar tsintsiya a hankali, a kwarara ruwan omo, a rataye shi a reshe bakinsa ƙasa. Buroshin ƙasa a sa almakashi a yanke zare da gashin da suka nannaɗe shi. Gangar jikin da moto yake ciki ƙyalle mai ɗan laima kawai, ruwa ba ya shiga can.

Sai shanya, kuma a nan ne mafi yawa ke faɗuwa. A wanke da hantsi, a ga sama ta bushe, a mayar da la'asar. Ka dawo da ɗoyin da hannunka ke nan. Komai ya kwana ya wuni a waje, aƙalla sa'a 24, cikin Agusta ma ya yi kwana biyu. Don haka ranar Asabar ce ranar wanki, ba safiyar Juma'a ba. In an haɗa shi a ajiye a wuri mai iska, ba a bayan randar alwala ba. Wanda yake son ƙari ya ƙulla gawayin girki busasshe a tsohuwar safa ya ajiye kusa da jakar lokacin da injin ke hutawa, ya cire kafin a kunna. Gawayi yana ɗan shan wari, ba ya ƙara nasa.

Abu uku kada su shiga tiyo. Ruwa, ko wurin da ke da laima, sai in injin na ruwa ne tun asali. Garin hoda ko siminti, don suna toshe filta. Sai tokar kasko, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro, domin turaren wuta da kafet tare suke tafiya a wurinmu. Garwashi ɗaya kamar ƙwayar gero ya ɓuya a toka, fanka ta hura shi a cikin jakar da ke cike da zare da busasshiyar ƙura, an kulle masallaci kowa ya tafi gida.

Ga masu sayen na hannu, 'yan Kwatano, araha ba ta ado. Yawancinsu daga gidajen Turai suka fito inda kare da kyanwa ke kwana a kan kafet, gashinsu yana nan a filta da tiyo. Hukuncinsa na bar wa malamai, amma ƙarninsa ba ya fita sai an canja jaka da filta gaba ɗaya kafin a kunna shi ko sau ɗaya.

Kuma kada a ɗora wa inji laifin kafet. In babu buhu ko tsumma mai kauri a bakin ƙofa da za a taka ƙafa ta tsane bayan alwala, in rufi yana yoyo, in ba a taɓa naɗe kafet ɗin an kai shi rana ba tun da aka shimfiɗa, ko kullum ka wanke jaka warin zai dawo. Da hunturu, lokacin da ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe mu, matsalar cikar jaka ce da wuri. Da damina kuwa laima ce.

Washegarin waccan Juma'ar, ranar Asabar, na koma wurin Baba ladan da omo na naira ɗari biyu. Muka buɗe injin a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar masallaci. Ƙasan jakar ya daskare kamar tubalin laka, kore-kore a gefe, da ƙwallayen dabino tun na azumi, da hular jariri ɗaya. Filtar baya da muka ciro baƙa ƙirin take, a gefenta kaɗai ake gane da fara ce. Ya juya ta a hannu ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Shekara huɗu ina jan abin nan, ban san yana da wannan ƙofar ba."

Ya miƙa mini kwalbar fiya-fiyar, ya aiki jikansa ya kawo ruwa a bokiti.