Amanar Kayan Kanti Tsakanin Yaro da Ubangidansa

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, sau da yawa akan kai yaro Kasuwar Singa ko Kantin Kwari a Kano domin koyon ciniki, a sanar da shi farashi da ba da canji, amma a manta da koya masa ɗaukar kaya da jera su. Alhali kuwa a nan ne ake samun ciwon baya, da ɓarnar dukiya, da gardamar wanda zai biya.

Malaman fiƙihu sun bayyana cewa wanda aka ɗauka ya yi wa mutum guda aiki amintacce ne a kan abin da ke hannunsa, ba a ɗora masa biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare umurni. Wannan ya bambanta da mai sana'ar da ya zauna domin jama'a, kamar tela, wanda Malikawa ke ɗora wa lamunin kayan da suka ɓace a wurinsa in ba shi da shaida. Saboda haka ubangidan da bai koyar ba, sa'an nan ya yanke albashin yaro don katan ya faɗi, sai ya ji tsoron Allah.

Abu na farko shi ne nauyi. Buhun shinkafa ko sukari kilo 50 ne. Sai yaro ya durƙusa, ya miƙe bayansa, ya jawo kayan jikinsa, ya tashi da ƙarfin ƙafafu, kada ya murɗa kwankwaso yana ɗauke da su. Hadisin Abu Zarri da Buhari ya ruwaito ya hana a kallafa wa mai hidima abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa an kallafa masa, to, a taimake shi.

Na biyu, jeri. Masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, kuma a hau tsani, ba katan ba. Buhunan hatsi da fulawa a ɗora su bisa katako, nesa kaɗan da bango, domin danshi da gara. Kananzir da fiya-fiya da maganin ɓera kada su haɗu da abinci a kanta ɗaya, gama fulawa na ɗaukar wari, guba kuwa tana kisa. Haka kuma kada a tara katan kusa da wayar lantarki. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ta isa ta nuna yadda wuta ke cin kasuwa.

Na uku, sabon kaya ya koma baya, tsoho ya matso gaba, a duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993. Gwangwanin da ya kumbura a fitar da shi. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tuhumi mai shi don bai fito da shi sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Ɓoye lalatacce a bayan mai kyau algus ne.

Na huɗu, hanya. Yahaya ɗan Umar, malamin Malikiyya da ya rasu a Susa ta Tunisiya a 289 bayan Hijira, ya kawo a littafinsa Ahkamus Suƙ mas'alar mai yayyafa ruwa a ƙofar shagonsa har dabba ta zame ta karye: in ruwan ya yi yawa, biya na kansa. To, ina ga mai barin man gyaɗa a zube, ko mai tare hanyar jama'a da jarkoki?

Wannan magana ta haɗa har da ma'aikacin gwamnati mai riƙe da sito, domin dukiyar jama'a ita ma amana ce, za a kuwa tambaye shi a kanta ranar gobe.

Allah ya sa mu cikin masu riƙon amana, ya sanya albarka a nemanmu, amin.