Daga Kasuwar Dawanau zuwa ɗakin jarrabawa: Yadda waya ke zama kayan karatu

Duk wanda ya shiga Kasuwar Dawanau da hantsi, lokacin da tireloli ke sauke buhunan masara da wake da riɗi, da wuya ya ga dillali ko ɗan kasuwa da babu waya a hannunsa. Da ita ake jin yadda gero ya kwana a Maraɗi, da ita ake tura kuɗin kaya, da ita ake aika hoton samfur ga mai saye a Legas. Kasuwar, wadda aka kafa a 1985 a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, kan hanyar Kano zuwa Katsina, tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, kuma da yawa daga cikin masu juya dukiya a cikinta ba su yi nisa a karatun boko ba. Babu wanda ya buɗe musu aji. Buƙatar sanin farashi ce ta koya musu waya, aboki na nuna wa aboki, yaron shago na nuna wa ubangidansa.

Ribar wannan koyo ta fito fili a binciken masaniyar tattalin arziki Jenny Aker kan kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006. Ta gano cewa shigowar wayar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin ɗan kasuwa ya daina lodin kaya ya kama hanya cikin duhu.

Sai dai wayar da ta gyara ciniki ba ta kai ga gyara karatun 'ya'yan masu ita ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan kan kwamfuta, ita ma WAEC ta fara gwada hakan a 2024 ga ɗalibai masu zaman kansu. Yaron da ya yi sakandare a ƙauyukan da ke kewaye da Dawanau, irin su Tumfafi da Kwa, yana iya sanin darasinsa sarai, amma ya zamana ranar jarrabawa ce ranarsa ta farko a gaban kwamfuta. Mintocin da zai ɓata yana laluben madannai daga lokacin amsa tambayoyi ake zare su, kuma idan ya faɗi, kuɗin rajista da shekara guda sun tafi.

Abin da ke fara zuwa a ran mutane shi ne a raba wa yara na'urori. An gwada wannan. Shirin ba kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda aka fara gwajinsa a Najeriya a wata firamare da ke Galadima a Abuja a 2007, ya fi samun karɓuwa a ƙasar Peru ta Kudancin Amurka, inda gwamnati ta raba dubban ɗaruruwan kwamfutoci. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon nazarin makarantun karkara 319: bayan wata 15, yaran sun iya sarrafa kwamfutar, amma makinsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Na'urar ta iso aji ba tare da an ɗaura ta da darasin da malami ke koyarwa ba.

A Nijar kuwa, wani shiri mai rahusa ya ba da sakamako na daban. Daga 2009, ƙungiyar agaji ta CRS ta gudanar da ajujuwan yaƙi da jahilci ga manya a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Dosso da Damagaram, cikin Hausa da Zabarmanci. A kusan rabin ƙauyukan an ƙara darasi guda: yadda ake kunna ƙaramar waya, a gane lambobi da haruffa a kanta, a rubuta saƙo a aika. Mutum biyar ke haɗuwa kan waya ɗaya. Da aka yi jarrabawa, ɗaliban waɗannan ƙauyuka sun fi takwarorinsu maki a rubutu da lissafi. Dalilin bai ɓuya ba: akwai malami a gabansu, karatun da harshensu ake yi, sannan bayan an tashi daga aji suna da abin da za su rubuta da gaske, saƙo ga ɗan'uwa da ya tafi ci-rani ko tambayar farashin amfanin gona. Abin da ake amfani da shi kullum ba ya saurin gudu daga kai.

Jihar Kano ma ta ɗanɗana wannan darasi a 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, aka koma ba da darussa ta rediyo da talabijin. Rediyo ya isa gidajen da intanet ba ta isa ba, amma yaron da ke da wa ko uwa mai zaunar da shi a kan lokaci, ta duba abin da ya rubuta, shi ya fi cin moriya. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Asusun UNICEF sun ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussan firamare da sakandare kyauta, wasunsu da Hausa. Darussan suna nan, abin da ya rage shi ne malamin da ya san yadda zai shigar da su cikin darasinsa na gobe.

Don haka horar da malami shi ne matakin farko, kuma horon da ya fi amfani shi ne wanda ke kan aikinsa na yau da kullum: yadda zai sauke darasi lokacin da yake da data don ya nuna shi inda babu sabis, yadda zai naɗi muryarsa yana karanta nassi ya tura wa iyaye ta WhatsApp, yadda zai shirya gwaji irin na JAMB a kan kwamfuta ɗaya ɗalibai su bi layi. Makarantar da ba ta da wutar lantarki tana buƙatar faifan sola da batir kafin ta nemi ƙarin na'urori, da kuma wanda zai gyara su in sun lalace. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2024. Jami'an da ke tsara kasafin wannan aiki su ne za su yanke ko kuɗin zai ƙare a sayen kaya ne ko wani kaso zai tafi ga horo da gyara.

Su ma iyaye da nasu rabon. Waya a hannun yaro ba tare da sa ido ba ta fi kusa da TikTok da wasanni fiye da karatu. Ɗan kasuwar da ke da babbar waya yana iya ware rabin sa'a bayan Magariba, ya zauna tare da ɗansa su bi darasi guda, ko ya sa shi ya rubuta masa lissafin buhunan da aka shigar da waɗanda aka fitar a ranar. Wanda ɗansa ke ajin ƙarshe na sakandare kuwa, ya kai shi cibiyar kwamfuta tun watanni kafin jarrabawa, ya kuma yi masa rajistar jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa. Kuɗin da hakan zai ci bai kai asarar maimaita shekara ba.