SHEKARA GUDA A INGILA: ABIN DA NA KOYO GAME DA ZANE DA RUBUTU

 

Tun ran da aka ji na ajiye alli na tafi Landan karatu, waɗansunku ke aiko mini da tambaya, kuma kusan duk tambayar guda ce: wai me nake koyo? Da na ce zane ne, sai wata ta rubuto ta ce, "Haba Malama, ashe sai an ƙetare teku kafin a iya zanen fure?" To, yanzu shekara ta kewayo, an rufe makaranta, ya kamata in ba ku amsa sosai.

MENE NE WANNAN ILMI?

Turawa suna kiransa girafik dizain, watau tsara zane da rubutu yadda mai dubawa zai gane abin da ake nufi nan da nan. Uwargida, ki duba cikin ɗakinki. Ga kwalin ashana, ga gwangwanin madara, ga katin rigakafin jariri, ga littafin karatun ɗanki na aji ɗaya. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai wanda ya zauna ya shawarta girman baƙaƙen, da launin da za a sa, da abin da ido zai fara faɗa wa. In ya iya aikinsa, ba ki ko tunawa da shi. In bai iya ba, sai ki ga kina juya kwalin magani kina neman inda aka ce cokali nawa za a ba yaro, yaron kuwa yana kuka.

Ko tutar Nijeriya ma aikin irin wannan ce. Wani ɗalibi da ke karatu a Landan, Malam Taiwo Akinkunmi, shi ya zana ta a 1959. A zanensa na fari har da jar rana a tsakiya, masu zaɓe suka cire ta, aka bar kore da fari kaɗai. Ga shi kuwa ko yaro ɗan shekara biyar yana iya zana ta. Wannan shi ne darasin da malamanmu suka fi nanatawa: a rage, a sake ragewa, har abin da ya wajaba kaɗai ya saura.

YADDA AKE KOYARWA

Karatun shekara uku ne, kowace shekara zango uku, daga ƙarshen Satumba zuwa Yuni. Kada ku zaci da zuwa aka zaunar da mu gaban kwamfuta. Ɗakin ɗab'i irin na da aka fara kai mu, inda baƙaƙe suke na dalma, kowane harafi da gurbinsa cikin akwati. Haka aka yi ta buga littattafai tun zamanin Gutenberg, mutumin Jamus, wanda ya ƙago wannan dabara wajen 1450. Ɗaya-ɗaya ake tsintar baƙaƙen ana jerawa, kuma a juye suke kamar rubutu cikin madubi. Layi huɗu kan ci wa sabon shiga yini guda. Amma wanda ya sha wannan wahala ba ya sake raina tazarar da ke tsakanin kalma da kalma, gama da hannunsa ya cusa ta.

Daga nan aka shiga sha'anin launi. Duk hoton da kika gani cikin mujalla, komai yawan launinsa, da tawada huɗu kurum aka buga shi: shuɗiya, da ja mai ruwan hoda, da rawaya, da baƙa. Ɗige-ɗige ne ƙanana ƙwarai suke haɗuwa su ruɗi ido. An kuma gargaɗe mu kada mu dogara ga launi kaɗai wajen faɗakarwa, domin a Ingila wajen namiji 1 cikin 12 ba ya rarrabe waɗansu launuka sosai, musamman ja da kore.

Abin da ya fi yi wa baƙo nauyi shi ne ranar suka. A wannan rana kowa zai manna aikinsa a bango, a taru a tsaya a kansa, kowa ya faɗi aibin da ya gani, mai aikin kuma ya kare kansa. Mu da aka rena da kunya, aka hore mu kada mu yabi namu, kada mu kushe na wani a gaban idonsa, kun san lalle abin da wuya. Su kuwa a wurinsu wanda ya yi shiru kamar bai zo aji ba ne. Na lura 'yan'uwana ɗalibai daga Sin da Koriya su ma haka suka yi ta fama. Sannu a hankali muka gane aikin ake tuhuma, mai aikin ba ruwansa. Har yanzu dai bakina bai iya kiran malami da sunansa tsirara ba, ko da yake haka al'adarsu take.

MATA BIYU DA YA KAMATA KU SANI

Kowa ya zo Landan sai ya riƙe taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wadda Harry Beck ya zana, aka fara bugawa a 1933. Ya watsar da nisan gaskiya da ke tsakanin tashoshi, ya miƙe layukan sambal, domin matafiyi ba abin da yake so ya sani sai inda zai hau da inda zai sauya jirgi. Ran da na sauka ban san kowa a garin ba, wannan takarda ce ta kai ni masauki.

Amma ni labarin mata biyu ya fi kama ni. Ta fari ita ce Margaret Calvert. An haife ta a Afirka ta Kudu a 1936, ta zo Ingila tana yarinya. Tana ɗaliba malaminta Jock Kinneir ya ga hazaƙarta, ya ɗauke ta aiki, su biyu suka tsara alamun hanyoyin mota na ƙasar duka, waɗanda aka soma aiki da su a 1965. Sun yi amfani da babban baƙi da ƙarami a haɗe, maimakon manya zalla, saboda direba yakan gane kalma da siffarta tun daga nesa. Alama mai kusurwa uku gargaɗi ce, mai da'ira umurni ce, mai kusurwa huɗu kuwa bayani. A tsohuwar alamar makaranta yaro ne a gaba, yarinya tana binsa. Da Margaret ta zo sai ta zana yarinya tana jaye da ƙanenta. Shekarunta ba su kai talatin ba a sa'an nan, ga shi har yau direbobi suna rage gudu saboda zanenta.

Ta biyu ita ce Marie Neurath, wadda ta rasu a 1986. Ita da mijinta suka shahara wajen bayyana lissafi da hotuna. Dokarsu ita ce, in abu ya ninka, kada a ƙara girman hoton, a maimaita shi: in hoton yaro guda yana nufin yara dubu, to, yara dubu biyar hoto biyar ke nan, kowa ya ƙirga da idonsa. A tsakiyar shekarun 1950 ta zo Ibadan, ta yi wa gwamnatin Jihar Yamma ƙananan littattafai masu hotuna a kan ilmi da lafiya da jefa ƙuri'a. Ashe wannan ilmi ya taɓa zuwa ƙasarmu tun kafin a haifi iyayenmu.

BAƘAƘENMU MASU LANƘWASA

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Cikin kwamfuta akwai salon baƙaƙe dubbai, amma in na rubuta Hausa, da yawansu ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Wani lokaci sai ɗan akwati ya fito a gurbin harafin, wani lokaci kuma injin ya aro shi daga wani salo dabam, ya tsaya cikin kalma kamar baƙon da ba a gayyata ba. Shi ya sa masu buga katin biki da tallace-tallace sukan watsar da lanƙwasar gaba ɗaya. Amma ku duba: in aka rubuta "Malam ya tafi fada," dabam ne da "Malam ya tafi faɗa." Na fari wurin Sarki ya nufa, na biyu kuwa sai a kira masu rabo. Haka baki da baƙi, haka kafa da ƙafa.

Na kai wannan magana gaban aji, malamin ya ce shi bai taɓa ganin waɗannan baƙaƙe ba, ya sa na zana su a allo. Harshen da mutum miliyoyi ke magana da shi! Ba wanda zai gyara mana wannan sai wanda abin ya dama, wanda kuma ya koyi sana'ar.

AIKIN ƘARSHEN SHEKARA

A zango na uku aka ce kowa ya zaɓi bayani guda mai amfani, ya tsara shi a takarda ɗaya yadda wanda bai iya karatu ba zai gane. Na zaɓi ruwan gishiri da sukari, wanda ake ba yaro mai gudawa: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, duk a shafe, ba a tula ba. In gishiri ya yi yawa yana cutar da yaron, saboda haka a nan zane ba wasa ba ne.

Ƙa'idar makarantar ita ce ba a karɓar aiki sai an gwada shi ga mutanen waje. Na kai nawa wurin waɗansu dattijai mata a unguwarmu, 'yan Somaliya da 'yan Sudan. Abu biyu na samu a wurinsu. Wata ta ce in zana yatsa yana share bakin cokali, gama haka mace ke yi a madafa. Na kuma lura waɗanda suka saba da rubutun Larabci daga dama suke fara duban hotuna, kamar yadda masu karatun ajami za su yi a gida. Don haka na jera hotunan daga sama zuwa ƙasa, ta yadda ko ta ina aka faro ba za a sa gishiri a gurbin sukari ba. Hoton ƙarshe kuwa uwa ce goye da ɗanta ta nufi asibiti.

A nan ne horon malanta ya yi mini rana. Wadda ta taɓa tsayawa gaban yara sittin, ta rubuta a allo yadda na bayan aji zai gani, ta riga ta san rabin wannan sana'a.

ZAMAN BAƘUNCI

Ba zan ɓoye muku ba, zaman da wuya. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi. Ki fita da duhu, ki komo da duhu, ga sanyi mai shiga ƙashi wanda hunturunmu bai kama ƙafarsa ba. Maƙwabcinki zai yi miki murmushi a matakala, amma ba mai leƙowa ya ce ina kwana. Kuɗin ɗaki kaɗai yakan cinye fiye da rabin guzuri, ga takarda da tawada duk ɗalibi ke saye. Doka ta yarda ɗalibi baƙo mai karatun digiri ya yi aikin da bai wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu, ni ma ina taɓa aiki a wani kanti ran Asabar. In kewar gida ta taso nakan hau mota zuwa Peckham, inda 'yan Nijeriya suke da kantuna, in sayo kuɓewa da manja, in haɗa da daddawar da Inna ta ƙulle mini. Da ɗan gari akan ci gari: wadda za ta zo, ta nemi 'yan'uwa tun makon fari, kada ta kulle kanta a ɗaki.

SHAWARATA GARE KU

Iyaye mata, in kun ga yarinya tana cika bayan littafinta da zane, kada a yi saurin cewa shiririta ce. A duba aikin makarantarta, in yana tafiya daidai, a saya mata fensir da takarda. Hannun da ya iya zanen lalle da saƙar faifai da adon ƙwarya ya san daidaito tun a gida. Abin da ya rage shi ne a koya masa yi wa jama'a bayani da shi. Sana'a ce kuma da mace za ta iya yi tana cikin ɗakinta, ana kawo mata aiki daga maɗaba'a da makarantu da asibitoci.

Ku kuma 'yan makaranta, ku tanadi jaka guda ku riƙa adana zanenku, kowanne da kwanan wata, domin makarantun wannan fanni sai sun ga aikin hannu kafin su ɗauki mutum. Ku riƙe Turanci da lissafi da kyau, gama awo ba ya ƙarewa a wannan aiki. Kada kuma ku ce sai an je Turai: a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma ana koyar da shi.

Kafin mako mai zuwa ga ɗan aiki na ba ku. Kowace ta ɗauki kwalin magani guda a gidanta, ta miƙa wa wata wadda ba ta yi boko ba, ta tambaye ta ko za ta iya gane sau nawa ake sha a yini. Abin da ta ce, ku rubuto mini ta hannun Edita, zan kai shi aji in an koma a watan Satumba.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya raya mana zuriya, amin. Sai wani makon.