Na'urar gano kifi: Yadda ake zaɓen sabon kunne da haɗa wayarsa a kwalekwale

Haƙar kuza da kamfanonin Turawa suka fara a tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20 ta bar ɗaruruwan ramuka a Bukuru da Rayfield da Barkin Ladi da kewayensu. Bayan faɗuwar kasuwar kuza ta duniya a 1985, da yawansu sun zauna cike da ruwa. Manoman rani na ban-ruwa da su, wasu kuma na zuba kifi ko kafa koma a ciki. Sai dai ramin kuza ya bambanta da tafkin da Allah Ya halitta. Gaɓarsa takan faɗa a tsaye kamar bango, kuma ba a gane zurfinsa da ido. A irin wannan ruwa ne na'urar gano kifi ke da amfani, domin kafin ta nuna kifi takan nuna zurfi da yanayin ƙasa.

Na'urar kashi biyu ce. Akwai allon da ke cikin jirgi, akwai kuma ɗan ƙaramin ƙunshi da ke nutse a ruwa, wanda a Turance ake kira tiransdusa, a nan kuma za a kira shi kunnen na'ura. Shi ne ke fara mutuwa, domin shi ke bugun dutse da kututture, shi ake jan wayarsa. Mai na'ura yakan ga allo ya kama amma babu lambar zurfi, sai ya ɗauka ta lalace gaba ɗaya, alhali kunnen kawai ke buƙatar canji.

A cikin kunnen akwai wani faifan tangaran na musamman da ke girgiza idan lantarki ya shige shi, ya kuma haifar da lantarki idan sauti ya buge shi. 'Yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano wannan ɗabi'a a 1880, kuma a 1948 kamfanin Furuno na Japan ya fara sayar wa masunta na'urar gano kifi. Sauti na tafiya kimanin mita 1,480 a daƙiƙa guda cikin ruwan daɗi. A rami mai zurfin mita 10, zuwa da dawowarsa bai kai kashi biyu cikin ɗari na daƙiƙa ba, kuma daga wannan ɗan lokaci na'urar ke lissafa zurfi. Jakar iskar da ke cikin kifi ita ce ta fi mayar da amon, shi ya sa karfasa da ke yawo a tsakiyar ruwa ta fi fitowa a allo, tarwaɗa kuwa da ke kwance a taɓo sau da yawa takan saje da ƙasa.

Abu na farko wajen zaɓe shi ne mitar sauti. Yawancin ƙananan na'urori na aiki da kilohaz 200, tare da wata ta ƙasa, 83 ko 77 ko 50, gwargwadon kamfani. Mita mai tsayi na ba da hoto mai kaifi, ta ƙasa kuma ta fi ratsa zurfi. Kilohaz 50 an yi shi ne don teku, sayensa saboda ramin kuza ko madatsar Lamingo asarar kuɗi ce kawai. Dole mitar sabon kunne ta yi daidai da wadda allon ke aikawa. Idan allon na tsarin CHIRP ne, wato mai aika jerin mitoci a bugu ɗaya, ba zai nuna cikakken aikinsa ba sai da kunnen da aka ƙera don haka.

Abu na biyu, wanda ya fi shafar ruwan Filato, shi ne faɗin sautin. Sautin na sauka ne kamar hasken tocila, yana buɗewa yana yin ƙasa. Kunne mai digiri 20 na duba faɗin kusan mita 3 a zurfin mita 9, mai digiri 60 kuwa ya zarce mita 10. A shimfiɗaɗɗen ruwa kamar gefen tafkin Kainji ko madatsar Tiga, mai faɗin na taimakawa wajen neman garken kifi. A ramin kuza yakan yi ƙarya. Gefen sautin kan bugi bangon ramin kafin tsakiyarsa ta kai ƙasa, sai allo ya nuna mita 4 a inda ƙarƙashin jirgi ya ninka haka. Wanda ya dogara da wannan lamba ya saki koma, ko ya bar yaro ya sauka ruwa, ya ɗauki kasada babba. Don haka mai siririn sauti ya fi dacewa da waɗannan ramuka. Tafkunan kiwo marasa zurfi irin na gonar kifi ta Panyam, a ƙaramar hukumar Mangu, ba su ma buƙatar na'urar. Sanda ta wadatar.

Sai batun soket. Garmin da Lowrance da Humminbird kowanne da irin bakin wayarsa, har a kamfani ɗaya adadin allurai kan bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Shigar soket cikin rami ba shaida ba ce cewa sun dace. Lambar samfurin da ke bayan allo da wadda ke maƙale a tsohuwar waya su ya kamata a kai wa mai sayarwa, musamman ga mai oda daga Legas ko ta intanet, inda mayar da kaya ke da wuya.

Jikin jirgi ma yana da nasa hukunci. Akwai kunnen da ake mannawa daga ciki ya harba sauti ta cikin jikin jirgi, amma wannan na jirgin faiba ne. Katako na shanye sautin. Tun da yawancin kwalekwalenmu na katako ne, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaura kunnen a ƙarshen sanda ko bututun roba mai ƙarfi, a maƙale a gefen jirgi, a cire idan an tashi aiki. Wannan ya kuma rage fargabar sata. A jirgi mai inji, ana kafa shi a allon baya, fuskarsa a kwance daidai da saman ruwa, ta ɗan sauka ƙasa da gindin jirgi, nesa da kumfar farfela. Kumfa ce babbar abokiyar gabarsa, domin sautin ba ya ratsa iska.

Wayoyin biyu ne, kuma ba a yi musu hukunci ɗaya. Wayar wuta tana zuwa batir mai bolt 12, ja a kan alamar tarawa, baƙa a kan alamar ragewa, da fiyus a kan jar kusa da batir. Ƙananan na'urori galibi fiyus mai amfiya 3 suke so, amma takardar kamfani ce ke da maganar ƙarshe. Ɗaure gurbin fiyus da zaren waya, kamar yadda ake yi wa babur, na iya ƙona allon ko ya tada gobara kusa da tankin mai. Ya fi kyau a ware wa na'urar ƙaramin batir nata, domin batirin da ke tada inji kan jefa ɗige-ɗige a allo.

Wayar kunne kuwa ba a yanke ta. A cikinta akwai siraran wayoyi da rigar ƙarfe mai tare hayaniyar lantarki, kuma ɗinkin da aka naɗe da salatif ba ya hana ruwa shiga. Idan ta yi tsawo a naɗe ragowar a sassauce, idan ta gaza a sayi ƙari na kamfanin. A bi da ita ta gefen da babu wayoyin inji, kada a matse ta da ƙusa.

Gwaji a ruwa ake yinsa, domin wasu kunnuwan, musamman masu ƙarfi na CHIRP, kan yi zafi su lalace idan aka bar su suna aiki a busasshe. A tsaya a tsakiyar ruwa inda babu bango kusa, a saki igiya mai dutse da aka auna, a kwatanta da lambar allo, a tuna cewa na'urar daga fuskar kunne take ƙirga zurfi. Idan lambar na tsaye daram lokacin da jirgi ke tsaye amma ta ɓace da an ƙara gudu, kumfa ce, sai a ɗan sauke kunnen. Idan allo na mutuwa duk lokacin da aka tada inji, a duba batir da bakin wayoyinsa kafin a zargi sabon kunnen.