Filin Ƙwallo a Wudil: Wa Ke da Iko da Shi?

Da la'asar sakaliya, ko a Sabon Gari kake ko a Darki ko Utai, ba za ka yi nisa ba sai ka ci karo da samari suna murza leda. Reshen darbejiya biyu da aka kafa su ne raga, layi kuma da toka ake jan sa. Wani filin na makarantar firamare ne, wani na Idi, wani gona ce da aka cire amfani, mai ita ya yi kawaici har ruwan farko ya sauka. Ana shekara da shekaru ana wasa a wuri har kowa ya ɗauka na gari ne, sai wata safiya a wayi gari an jibge bulo da yashi a tsakiyarsa, an yanka shi filoti-filoti. A lokacin ne ake rugawa gidan mai unguwa, alhali an riga an makara.

Ga yadda doka ta tsara. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha amana a hannun gwamna, sannan ta raba aikin gida biyu. Duk yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke da ta cewa a kai, ta hannun ma'aikatar ƙasa da safiyo da hukumomi irin su hukumar tsara birane ta KNUPDA. Sauran ƙasar karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke kula da ita, ita ke ba da shaidar mallaka ta gargajiya, tare da kwamitin da ke ba ta shawara kan rabon filaye. Saboda haka tambayar farko ga duk ƙungiyar matasan da ke son fili ita ce: a wane ɓangaren yake? Amsar ce za ta nuna ko a sakatariyar Wudil za a gama magana, ko sai an dangana da Kano.

Dokar ta ba ƙaramar hukuma damar karɓar fili a yankinta domin amfanin jama'a, amma ba kyauta ba. Wanda aka karɓi wurinsa yana da haƙƙin diyyar abin da ya gina ko ya dasa, kuma idan gona ce, sai an ba shi wata a madadinta. A nan ake yawan samun tangarɗa. Filin da aka ƙwace wa talaka ba tare da an sallame shi ba, ko an kewaye shi da katanga, magada za su tayar da maganar wata rana, kuma gaskiya na tare da su.

Shi ma kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da buɗaɗɗun filaye cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ke nan neman filin wasa ba roƙon alfarma ba ne. Wudil tana da mazaɓu 10, kowacce da kansilanta, kuma su ne ke amincewa da kasafin kuɗin da shugaba ya gabatar. Aikin da bai shiga kasafi ba, alkawarin bakin taro ne kawai. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, wanda ya ƙara wa jama'a hujjar tambayar shugabansu ina kuɗi suka shiga.

Ni a ganina, kuskuren da muke yi shi ne fara neman babban gini. Kowa na son irin filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, da kujeru da fitilu. Amma abin da ya fi gaggawa, kuma ya fi araha, takarda ce: safiyo ya auna wurin, a kafa siminti a kusurwa huɗu, a rubuta shi da sunan al'umma a matsayin filin wasa, hakimi da dagaci da mai unguwa su shaida, a ajiye kwafi a hannun fiye da mutum ɗaya. Abin da ya faru a birnin Kano ya ishe mu darasi. An yi ta gina shaguna a filayen jama'a, har da Filin Idi da Filin Sukuwa, sannan a watan Yuni 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sa aka rushe su. Dukiya ta salwanta, 'yan kasuwa suka garzaya kotu, aka shiga maganar diyya ta biliyoyin naira. Da tun farko an killace wuraren, da ba a kai ga haka ba.

Wudil kuwa tana cikin garuruwan da ƙasa ke tsada da sauri. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum sama da 185,000 a ƙaramar hukumar, kuma tun daga nan sai ƙaruwa ake. Ga jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, ga kwalejin 'yan sanda, ga babbar hanyar Maiduguri. Ɗalibai na neman ɗakin haya, dillalai na yanka gonaki awon igiya, kuma mai awon igiya ba ya barin wurin ƙwallo.

Zaɓen wurin ma sai an yi hattara. Ƙasar bakin kogi shimfiɗaɗɗiya ce mai jan ido da rani, amma duk wanda ya ga yadda Kogin Wudil ke tumbatsa a watan Agusta ya san kuɗin da aka zuba a can ruwa ne zai ci. Kada kuma a toshe burtali, a garin da shanu ke kwararowa kasuwar Kara kowace Juma'a. A bar gefe guda don dambe da kokawa da langa, domin ba kowa ne ɗan ƙwallo ba, a kuma ware lokacin da 'yan mata 'yan makaranta za su yi guje-guje cikin sutura da kwanciyar hankali. Sannan a rubuta tun ranar farko wa zai riƙe makulli, wa zai biya mai gadi, kuma idan an ba da hayar filin don biki ko taron siyasa, a wane asusu kuɗin za su shiga.